Ragon da Ke Kuka Bayan Katanga

Kai da kake cewa takardar alƙali ɓata lokaci ce, matso ka ji labarin wani mutum. Mutanen unguwa sun dage wai ni ne, don kawai shi ma dogo ne, kyakkyawa, mai iya karya hula. Allah ya isa tsakanina da su. Saura kwana uku Babbar Salla, mutumin nan ya dawo daga kasuwa ya tarar da turken ragon layyarsa wayam, ko igiya babu. Yana tsaye sai ya ji kukan rago ta wajen katangar maƙwabcinsa tela, wanda suka shekara ashirin suna cin tuwo a tabarma ɗaya. Bai ko leƙa cikin gida ba, ya zabura ya jawo ɗan sanda, ya ce a kutsa gidan tela a fito masa da dabbarsa. Ɗan sandan ya tsaya a bakin zaure, ya ce gidan mutum ba kasuwa ba ne, in babu takardar izinin bincike daga alƙali ƙafarsa ba ta wuce nan. Mutumin ya yi faɗa har hularsa ta faɗi. Hula mai tsada kuwa, an ce.

Da suka je kotu, alƙali ya ce sai an rubuta gidan da za a shiga da kamannin abin da ake nema, kuma sai ya rantse. Tsagar kunnen ragon, hagu take ko dama? Gogan naka ya yi tsuru-tsuru, don shi saye ya sani, ba da dusa aikin uwargida ne. Ya koma gida tambaya yana huci. Uwargida ta dube shi sama da ƙasa, ta nuna wajen katangar tela, ta ce, "Maigida, zagaya bayan ɗaki ka duba kunnen da kanka." Ashe ragon ya cinye mata zogale, shi ne ta ɗaure shi can jikin katangar tela. Ga shi nan yana tuƙa abinsa. Ran Salla mutumin ya aika wa tela cinya guda, tela yana ta godiya, har yau bai san dalilin wannan karamci ba. Kai ma kada ka gaya masa, babbar rigata tana hannunsa.

Hausawa dai sun gama magana: hanyar lafiya, a bi ta da shekara.