Rahoton Birki

Auta ta sake duba allon kwamfutar, ta ga dai abin da ta gani ne: saƙonni rututu, rahoton birki guda ɗaya tal.

Kamfanin motocin ɗaukar 'yan makaranta ne mahaifinsu ya bar mata. Yayanta shi ne shugaban makanikai, kuma bisa ƙa'ida duk ƙarshen mako yakan duba birkin motocin, ya ɗauki hoton rahoton, ya aiko mata ta imel. Jibi masu bincike za su zo ganin waɗannan rahotanni. In babu su, lasisi ya tafi, kamfanin ya bi bayansa.

Mai kula da kwamfutocinsu wani siririn mutum ne da ake kira Dogo, wanda ko gaisuwa sai an ciro ta daga bakinsa. Bara ya kwashe duk saƙonnin kamfanin ya zuba cikin wata manhaja mai riƙe tarihin kowane canji, wa ya taɓa me, kuma yaushe. Ranar ne kaɗai aka ji shi ya yi doguwar magana. Ya yi ta yabon manhajar kamar 'yarsa ce ta ci jarrabawa: ba ta mantuwa, ba ta cin wuri, ba ta ajiye abu ɗaya sau biyu. Auta ta gyaɗa kai, hankalinta na kan kuɗin taya.

Yanzu ga ma'ajiyar da ba ta mantuwa ta wayi gari da rahoto ɗaya.

"Ina sauran?" ta tambaye shi.

"Ranki ya daɗe, ba abin da ya ɓata. Da za ki ba ni minti biyar mu kaɗai..."

Ya saci kallon ƙofa. Yaya na tsaye a wurin cikin farar rigarsa, yana goge tabarau.

Wannan "mu kaɗai" ɗin ne ya tsaya mata a wuya. Mai gaskiya me zai yi da kaɗaici? Sai abubuwa suka riƙa dawo mata. Sau biyu a watan nan ta hango Dogo a gareji, ya durƙusa yana leƙen ƙarƙashin mota, shi da ko sifana bai iya riƙewa ba. Direbobi sun ce yana yi musu tambayoyi. Ga shi kamfanin da ke tsallaken titi ya daɗe yana zawarcin makarantunsu.

"Ni dai na sha gaya miki," in ji Yaya bayan Dogo ya fita. "Shiru-shirun nan ba na Allah ba ne. An saye shi, Auta. Ki karɓe makullan kafin ya ƙarasa mu."

Abin ya yi mata ciwo, don ita ta ɗauko Dogo lokacin da kowa ke cewa ba shi da fara'a. Amma Yaya ne ya goya ta, shi ya koya mata tuƙi, kuma da aka ba ta kujerar mahaifinsu ko tari bai yi ba. Kafin a tashi aiki ta sallami Dogo. Bai roƙe ta ba. Ya ajiye makullan da kalmar sirri a kan tebur, ya ce, "Ki dai buɗe saƙonnin da kanki, ranki ya daɗe."

Washegari ta riga kowa zuwa ofis. Ta buɗe tarihin ma'ajiyar tana neman ranar da Dogo ya yi ɓarnar, don ta samu abin nuna wa masu bincike. Ta bi layi-layi har idonta ya yi ja. An ƙara, an ƙara, an ƙara. Ba inda aka goge ko wasali.

Ta koma kan saƙonnin Yaya. Duk suna nan, kowanne da rahotonsa a maƙale. Rabonta da buɗe su har ta manta. Ganin sunansa kawai yakan ishe ta. Ta buɗe na makon jiya. Rubutunsa ne, sa hannunsa ne, ga tabon baƙin mai na babban yatsa a kusurwar takardar. Ta buɗe na makon da ya gabace shi. Tabon na nan a kusurwar. Ta tsallaka wata shida baya. Yana nan.

A waje injuna suka tashi. Motocin suka fara fita ɗaya bayan ɗaya, ta farko ta nufi unguwarsu, inda 'yan biyunta ke jira a bakin titi da jakunkunansu.

Ta ƙara girman hoton, ta karanta kwanan watan da ke saman takardar. Rahoto ɗaya ne Yaya yake ta aiko mata duk mako, kuma ya rubuta shi ne tun mahaifinsu na da rai.