Hannun Mai Tausa

"'Yar nan, hannunki sanyi ƙalau," in ji tsohuwar da ke kwance rub da ciki a ɗakin tausa na otal.

Gaban yarinyar ya faɗi. Ta manta ba ta ɗumama man a tafinta ba, kuma a nan ƙorafi ɗaya ya isa a sallami mutum.

"Don Allah Mama, kar ki kai ƙarata."

"Rufe min baki. Miƙo nan."

Tsohuwar ta tashi zaune, ta kama hannun tana murzawa, yatsa bayan yatsa. Sai ga hawaye. Ashe tun da yarinyar ta baro gida, kullum ita ke taɓa mutane, ba wanda ya taɓa ta.

Washegari tsohuwa ta koma wajen jikokinta, ba ta kai ƙara ba. Ita kuwa ta shimfiɗa sabon tawul, tana jiran na gaba.