Hannun da Ba Ya Zuwa Hutu

Ranar da muka koma lekol, wato makarantar boko, a Filinge bayan hutun damina, malaminmu ya shigo da mujalla mai hotunan biranen Amurka, ya ce mu ga yadda mutane ke hutu. Na farko, a New York ana shiga jirgin ruwa a je kallon gunkin wata mata mai riƙe da wuta. Na biyu, ana hawa dogon bene a leƙo gari. Na uku, a San Francisco ana taka wata jar gada, don daɗi kawai.

Sai ya nuna ni. "Kai, mi ka yi da naka hutun?"

"Noman hatsi, mushe, ni da babana," na ce, don mushe muke kiran malami da Faransanci.

Ya ɗaga hannuna, kowa ya ga kanta a tafin. "Ku duba, wanga hannu ba ya zuwa hutu." Aka yi dariya.

Da muka tashi, na tarar da babana a bakin hanya. Ya miƙo mini hannu gaban yara. Na dubi tafinsa cike da kanta, na ji kunyar a gan ni da shi. Dariyar na yafe tuni. Kunyar nan da malam ya koya mini, har yau ban yafe ba.