Saurar Gindin Kanya

Igiyar awo na isa gindin kanya, gumi ya tsattsafo wa Mudi, alhali ko hantsi bai gama ɗagawa ba.

Kwana arba'in da uku ke nan da rasuwar mahaifinsa Maikano, wani ƙaramin manomi a gefen Badafi. Abin da ya bari ba ya cika ido: jaki, awaki shida, rumbun dawa, 'yar fadama da gonaki biyu. Magada huɗu ne. Akwai matarsa Zuwaira, da 'yarsu Kande, da Mudi babban ɗa, sai auta Audu, wanda shekara bakwai ke nan ba a ji ɗuriyarsa ba. Wata ranar shuka Mudi ya dawo daga gona shi kaɗai, ya ce sun yi cacar baki, Audu ya yi zuciya ya bi fatake Kurmi. Ko gorar ruwansa bai waiwaya ba. Har yau tana rataye a ɗakin uwar, tana goge mata ƙura duk Juma'a.

Malam Shitu liman shi ne mai rabo, dattijon da ba ya buɗe baki sai ya yi gyaran murya sau biyu, kamar mai korar kaza daga kan shanya. Ya fitar wa Zuwaira tumunin takaba. Kande ta tashi da fadama da awaki. Saura gonaki biyu, maza biyu.

Ɗaya jigawa ce mai laushi, gyaɗa ke haukar 'ya'ya a cikinta. Ɗayar kuwa ita ce wannan ta gindin kanya, ƙaya da tsakuwa. Mudi ne ya lallaɓa tsohon aka bar ta ta huta, hutun da ya ƙi ƙarewa. Ko turken akuya ba ya yarda a kafa a ciki. Shi ya sa aka daɗe ana raɗe-raɗi a gari cewa akwai tulun azurfa binne a wurin, kuma babban ɗa ya san inda yake.

Mudi ya durƙusa. "Allah gafarta Malam, a ba Audu ta gyaɗar, ni na ɗauki saurar. Ƙanena ne. Kada ya dawo ya tarar da ƙaya."

Dattawa suka hau gyaɗa kai, ana ta sa masa albarka, ana cewa zumunci bai mutu ba. Surajo kaɗai, mijin Kande, ya yi wata dariya ta hanci.

"Yaya Mudi, yau kuma kai ne da kyauta? Kai da ko ƙaiƙayi ba ka bari a tsinta a masussukarka? To, ruwa dai ba ya tsami banza."

Mudi bai ko kalle shi ba. Ya ƙara da cewa in ana ganin da ƙwara, ya sallama rabonsa na jakin ma.

Malam ya yi gyaran murya sau biyu. Ya ce haƙƙin wanda ba ya nan amana ce a wuyan kowa, ba a zaɓar masa, ko da zaɓin alheri ne. Ƙuri'a za a yi. Ya karya kara biyu, dogo na jigawa, gajere na saura, ya dunƙule su a hannun riga. Ya ce uwa ta ja wa Audu.

Zuwaira ta matso tana ɗingishi, ta yi bisimilla. Mudi ya bi yatsunta da ido. Sun taɓa na dama, sun tsaya, sun koma na hagu.

Gajere.

Mudi ya yi caraf ya ce to shi zai riƙe wa Audu gonar, ai shi ne babba. Malam ya ce a'a, uwa na raye, a hannunta za ta zauna har mai ita ya dawo, ko a sami tabbacin mutuwarsa.

Tsohuwar ta juya karan a tafin hannunta, fuskarta ta yi wani haske da rabon da a gan shi tun kafin takaba. Ta ce dama ta daɗe da lura da wani wuri, taku kaɗan yamma da kanyar, inda ciyawa ke yin shar ta fi ta ko'ina tsawo. Lallai ruwa na kusa. Rijiya take so a haƙa a nan, a yi lambu, yaron ya dawo ya tarar da abin kansa.

"Inna, wurin nan ba a taɓa shi," in ji Mudi. "Kanyar nan da mutanen ɓoye a kanta."

Malam ya ce wanda ya yi bisimilla ba ruwansa da mutanen ɓoye. Surajo kuwa har ya fara auna wurin da ƙafa, idanunsa na ƙyalli kamar ya riga ya ji diga ta daki tulu.

"Gobe bayan asuba, Inna," in ji Surajo. "Ni da kaina zan fara sara, ba sai an jira masu haƙa daga Kiru ba."

Aka shafa fatiha, aka naɗe igiya. A hanyar gida Zuwaira ta dafa kafaɗar Mudi saboda ƙafarta. Ta ji yana rawa, ta tambaye shi ko zazzaɓi ne. Ya ce e.

"Ka sha sassaƙe ka kwanta," ta ce. "Ni kam jikina na ba ni na kusa ganin ɗana."

Mudi ya waiwaya ya dubi ciyawar nan mai tsawo tana kaɗawa, ba kuwa iska. Jikin uwa ba ya ƙarya. Kamu uku kawai diga za ta nutsa, don tun ranar shukar nan da fartanyar Mudi ta sauka a ƙeyar ƙanensa, Audu bai taɓa barin gonarsa ba.