Makulli a Kan Taya

"Kwana shida," in ji tsohon, yana bin gaɓar teku a taswira da jan biro. "Mu kwana Apollo Bay, mu kwana Lorne. Duk inda 'yar hanya ta gangara rairayi, mu sauka da ƙafa."

"Da wannan gwiwar taka?" in ji matarsa. "Ni dai ba zan goya ka ba."

A gidan mai wata mata ta hango taswirar. "Yawon amarci da furfura?" Suka yi murmushi. Ba su gaya mata masu ceto ne suka zana musu wuraren ba, ranar da suka daina neman ɗansu.

Motar ɗansu ce. An tsince ta a bakin teku, makullin a kan tayar baya, inda masu hawan igiyar ruwa ke ɓoye shi kafin su shiga.

A zangon farko tsohon ya kulle mota, ya jefa makulli aljihu. Matar ta tsaya cak.

"Mayar masa inda ya saba. In ya fito yana jin sanyi fa?"

Ya durƙusa a kan gwiwar, ya ajiye.