Jan Babur a Rumfar Inna Kulu

Shekara goma sha ɗaya Inna Kulu tana sayar da tuwo a ƙofar wani kamfanin jima a Challawa, kuma ko madubin babur ba a taɓa kwancewa a gindin rumfarta ba. Ma'aikata su jera baburansu da safe, su shige. Ba ta iya karanta lamba ba, ba ta kuma roƙi kowa ya koya mata ba. Tana da ido, tana da faskare.

Fuskoki ne dai ba ta riƙe ba. Warin fata ya sa kowa cikin takunkumi, sai dai ta gane ɗan kamfani da shuɗiyar rigar aiki.

Ranar Laraba, kafin a tashi aikin yamma, ta ɗago daga kwasar tuwo ta ga mutum tsugune a jikin jan babur ɗin da aka fara ajiyewa shekaranjiya. Ba riga a jikinsa sai jiƙaƙƙiyar singileti. Ya cusa hannu ƙarƙashin tanki yana murɗa wayoyi biyu, yana sauri, yana cije leɓe.

Wani mai shuɗiyar riga, wanda tun azahar yake kan bencinta da kwano ɗaya, ya miƙe zumbur.

"Inna, babur ɗina!"

Ba ta tsaya ihu ba. Ihu na wanda ba shi da hannu ne. Ta zaro faskare daga murhu, da wutarsa, ta zuba wa mai singiletin a ƙeya. Ya kifa kan kwalta.

Daga nan aka karɓe mata aikin. Masu Adaidaita suka baro kekunansu, mai faci ya zo da ƙarfen cire taya. Wani ya ɗauko bulo ya sauke masa a gwiwa, aka ji ƙas kamar an karya rake. Ya rarrafa wajen rumfar, jini na zuba daga hanci da baki, ya kama bakin zaninta.

"Inna... ni ne..."

"Ban haifi ɓarawo ba." Ta take masa yatsu har ya saki.

Aka mirgino tsohuwar taya, ana tambayar wa ke da fetur. Nan ne ta daka tsawa. Ba tausayi ba ne. Miyarta a buɗe take, kuma ba za ta bari a ƙona mutum a inda ake cin abinci ba. Aka ja shi ta ƙafa zuwa bakin kwata aka yar.

Mai shuɗiyar riga ya durƙusa har ƙasa ya yi mata godiya. Ya nuna wa jama'a makullin da ke maƙale a babur ɗin.

"Kun gani, har makulli ya yanko."

"Kai ma sakarai ne," in ji Inna Kulu. "Gobe ka zo da sarƙa."

Ya ce bari ya ɗauko 'yan sanda. Bugu ɗaya babur ya tashi, ya miƙi hanyar Panshekara. Ita kuwa ta wanke hannu ta koma kan tukunya, ana ta yi mata kirari.

Can aka buɗe ƙofar kamfani, ma'aikata suka fito. Malam Usaini, shugaban masu jiƙa fata, ya ratsa taron ya leƙa kwatar. Sai ya zube a gwiwa, ya cire hula ya goge jinin da ya rufe fuskar. 

"Ka san ɓarawon ne, Malam?" in ji Inna Kulu.

"Idi ne, sabon ma'aikacinmu. Ruwan jima ya zubo masa, na ce ya tuɓe rigar ya tafi asibiti." Ya waiga inda jan babur ɗin yake ɗazu. "Ni na raka shi ya saye shi ranar Lahadi, ni na koya masa cire wayar ƙarƙashin tanki saboda ɓarayi, in zai tafi ya haɗa ta."