Zarni a Sahun Farko

A sujada ta biyu ta sallar La'asar warin ya sake bugun hancin Alhaji Maliki. Zarni ne, irin na gindin katangar tasha. Ya riƙe numfashi har aka ɗago, sannan ya bi ƙeyar Liman Balarabe da harara.

Alhaji Maliki babban akawu ne a wata ma'aikatar gwamnati, ritaya ta kusa. Shi ya yi wa masallacin layinsu a Kurmin Mashi rufin kwano, shekarar da aka koma tuƙi a hannun dama. Tun daga nan wurinsa ɗaya ne, daidai bayan liman, a kan wani lallausan buzun rago da yake bari a masallacin, wanda ko ladan ba ya ɗagawa in yana shara. Kwanan nan ma jama'a sun fara barin 'yar tazara tsakaninsu da shi a sahu. Bai ga laifinsu ba. Mai facin keke da mai sayar da itace sun san matsayinsu ke nan.

Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne a ce tsoho mai yoyon fitsari ke jan sa salla. Shi fa mutum ne mai tsantseni. Yakan daɗe a bayi har a tayar da iƙama, ya fito da damshin ruwan buta a wando. Matarsa Hansai kuwa ba ta barinsa ya yi salla biyu da wando ɗaya, ga turaren da take zazzaga wa babbar rigarsa kamar ba kuɗi aka sa aka saya ba.

Da aka sallame, ya jira mutane suka ragu.

"Malam, masallacin nan yana wari."

Liman ya daɗe yana jan carbi kafin ya amsa. "Na sani, Alhaji. Lalura ce ta girma, takan sami maza in shekaru sun ja. Hanyar fitsari ce ke matsewa, sai ya riƙa ɗiga mutum bai sani ba. An ce yanzu likitoci na yi mata aiki. Da za a daure a je, da an huta."

"To, a daure a je mana," in ji Alhaji, ya shuri takalmansa.

Ko kunya babu. Tsoho ya zauna yana zayyana ƙazantarsa daki-daki kamar mai ba da fatawa.

Aka yi wata guda, babu alamar Liman ya taka asibiti. Warin sai ma ƙaruwa ya yi da aka shiga bazara. Ranar wata Asabar Alhaji ya tara dattawan layi a falonsa, aka raba musu lemon kwalba mai sanyi, ya karanto musu abin da kowa ya sani: makaruhi ne mai irin wannan lalura ya limanci lafiyayyu. Dattawa suka duƙufa kallon dardumar falon. Haka talaka yake, in ji Alhaji a ransa, ya ga gaskiya ƙiri-ƙiri ya rasa bakin faɗa.

Ila ladan ne kaɗai ya yi gyaran murya. "Ranka ya daɗe, da dai an bi abin a hankali, don ita maganar nan..."

"Kai kiran salla aka ba ka, ba shawara ba."

Aka aika a kira Liman. Ya shigo yana dogara sanda, mutumin da ke jan sallar nan tun unguwar tana rabinta daji. Limancin ne cinsa da shansa, da ɗakin da yake kwana a jikin masallaci. Aka faɗa masa abin da ake ciki. Ya ɗaga kai ya dubi Alhaji, ya daɗe yana dubansa, har dattawa suka fara muskutawa.

"In hakan zai rufa asiri, na sauka," ya ce.

Washegari aka ɗora littattafansa da 'yar katifarsa a kura, aka tura zuwa gidan 'yarsa a Rafin Guza. Alhaji bai fita rakiya ba. Yana da aiki a gabansa. Ya sa aka ƙone tsofaffin tabarmi aka sayo sababbi, aka wanke daɓen da sabulu da maganin wari, aka shafe bango da farar ƙasa. Ya kawo Malam Ado, saurayi ɗan makarantar Arabiyya daga Kano, mai gogaggiyar riga da ƙamshin sabulun wanka. Da komai ya bushe, Alhaji da hannunsa ya mayar da shimfiɗarsa inda take.

Aka tayar da La'asar. Ya tsaya bayan sabon liman yana shaƙar ƙamshin sabuwar kabar tabarmi, ransa fes. Tazarar nan tana nan dama da hagu. Aka yi ruku'u, aka ɗago, aka tafi sujada.

Warin ya tarbe shi, bai ragu ko kaɗan ba.

Liman Balarabe yana can Rafin Guza, tabarmi sababbi ne, kuma babu abin da ke ƙarƙashin hancin Alhaji Maliki sai buzunsa.